Kwari da baka a dajin nesa: tambayoyin da ake yawan yi a Damagaram kan kayan farauta

Matasa da dama a Zinder sun fara sha'awar harbin kibiya. Wasu abin da suka gani a salula ne ya ja su, maharban Amurka suna hawan duwatsu da jaka a baya, wasu kuma gado ne ya motsa, don kakansu maharbi ne kuma kwarinsa na nan rataye a zaure. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi maimaitawa. Duk amsoshin kuwa a kan abu guda na ɗora su: kayan da za ka iya gyarawa da hannunka a gindin aduwa, ka kuma harba su daidai kana gajiye, su ne kayanka, ko da na wani sun fi su ƙyalli.

Malam, kafin a zo ga kaya, doka ta yarda a farauci manyan namun daji da baka a jiharmu?

Farauta a Nijar tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998. Babu farauta sai da takardar izini, sai kuma a lokacin da aka buɗe. Dokar ta hana farautar dare, da kora da mota ko babur, da cinna wa daji wuta, da sa guba. Ofishin ma'aikatan gandun daji, waɗanda muka fi sani da Eaux et Forêts, shi ne wurin da za ka fara zuwa, ka tambayi irin izinin da ya dace da kai, da dabbobin da aka yarda a taɓa a wannan shekarar, da yankin. Kada ka dogara da abin da aka gaya wa wani bara.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar tambaya. Gandun Termit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012 da faɗin da ya kai kusan murabba'in kilomita 97,000, ba wurin farauta ba ne. Can ne ragowar mena take, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafarmu ta ƙasa ta ari sunanta, da ragon dutse, da adaks mai murɗaɗɗen ƙaho. A binciken da aka yi a yankin a 2016, adaks uku kacal aka gani. Mariri kuwa tuni ya ƙare mana. A 2000 aka ayyana cewa babu shi a daji ko'ina a duniya, sai a 2016 aka fara mayar da shi dajin Chadi daga waɗanda aka kiwata. Wannan abu yana yi mini ciwo ƙwarai. Dattawan Tanut da Gure sun ga waɗannan dabbobi garke-garke, jikokinsu kuwa sai a hoto. Duk wanda ya ɗaga baka a kan ɗaya daga cikinsu ya zalunci ƙasar nan.

To in haka ne, ina amfanin sanin kayan?

Amfaninsa uku. Akwai abin da izini ya halatta, kuma shi ma ya cancanci a harbe shi da kayan da za su kashe shi nan take. Akwai harbin bara, wato harbin abin da aka kafa don gwada saiti, wanda wasa ne mai kyau da ba ya buƙatar jinin komai. Akwai kuma 'yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a waje. Faransa ta halatta farauta da baka a 1995, da sharaɗin a yi horo tukuna. Namibiya da Afirka ta Kudu suna da gandaye na musamman don masu baka. A Ingila kuwa haramun ne gaba ɗaya. Kowace ƙasa da nata.

Wane baka zan saya: na gargajiya, ko rikaf, ko mai taya?

Bakanmu na gargajiya sanda ce guda mai danƙo, irin dargaza, da tsirkiyar fata ko jijiya. Ba shi da nauyi, ba ya tsoron rairayi, in ya karye ka sassaƙa wani. Amma an yi shi ne don kibiya marar nauyi mai dafi, wato aikinsa kawai ya kai dafin cikin jini. In ka cire dafin, yawancin irin waɗannan bakuna ba su da ƙarfin da za su tura ƙarfe ya ratsa ƙirjin babbar dabba.

Baka mai taya, wanda ake gani a bidiyo da ƙafafu a kowane baki da igiyoyi suna gilmawa, wani Ba'amurke ne ɗan Mizuri mai suna Holless Wilbur Allen ya ƙirƙiro shi, ya samu rajistarsa a 1969. Dabararsa ita ce idan ka ja ya kai ƙarshe, tayoyin suna ɗauke maka mafi yawan nauyin. Baka mai nauyin ja laba 60 da ke sauke kashi 80 cikin 100, laba 12 kawai kake riƙewa kana saiti. Shi ya sa za ka iya tsayawa da shi a jaye kana jiran dabba ta fito daga bayan sabara. Ya fi gudu, ya fi saurin koyo, ya fi daidaito daga nesa. Matsalarsa a wurinmu ita ce gyara. In tsirkiya ta tsinke ko ta sauka daga taya, sai da na'urar matse baka za a mayar da ita, kuma wannan ba abin da za ka tarar a Kasuwar Dole ba ne, balle a bayan Tesker.

Rikaf shi ne wanda bakinsa biyu suka tanƙwaro gaba. Akwai mai kwancewa gida uku, mariƙi da fukafukai biyu, irin Samick Sage da makamantansa, ya shiga jaka ba wanda ya san me ka ɗauko. Tsirkiya guda ce, ka canza ta cikin minti ɗaya da igiyar ɗana baka. In hannunka ya ƙara ƙarfi ka sayi fukafukan kawai, mariƙin na nan. Ga mutumin da ke zaune a Zinder, shi nake ba shawara, duk da na san yana buƙatar watanni na horo kafin hannu ya zauna, kuma dole ka matsa kusa da dabba fiye da mai taya.

Laba nawa ya kamata ƙarfin bakana ya kai?

Laba ɗaya giram 454 ce, don haka laba 40 kusan kilo 18 ne, laba 60 kuma kusan kilo 27. Dokar jihar Alaska ta Amurka tana ba da ma'auni mai kyau: laba 40 ga matsakaitan dabbobi, laba 50 ga manya irin su mus, wata ƙatuwar barewar ƙasashen sanyi, da jan beyar. Jihar Kolorado kuwa daga laba 35 ta fara. Ka ga ke nan ba sai ka kai 70 ba. Ga dabba mai girman gada ko barewa, laba 40 zuwa 45 da kaifin ƙarfe sun wadatar.

Ga gwajin da ba ya ƙarya. Zauna a kan kujera, ka ɗaga ƙafafunka daga ƙasa, ka nufi bara, ka ja a hankali ba tare da ka ɗaga bakan sama ko ka murɗa jiki ba. In sai ka yi nishi ka kalli sama kafin ya jawu, ya fi ƙarfinka. A daji za ka ja ne a durƙushe, da sanyin asuba na hunturu, bayan tafiyar ƙafa mai nisa. Mai koyon rikaf ya fara da laba 25 ko 30. Samari ba sa son jin wannan, amma ciwon kafaɗa da mugun salon harbi duk daga babban baka tun farko suke fitowa, kuma salon da ya lalace ya fi wuyar gyara a kan wanda ba a koya ba.

Ana cewa tsawon ja. Yaya zan san nawa?

Miƙa hannuwanka biyu a jikin bango, wani ya auna daga kan ɗan yatsan tsakiya zuwa ɗayan, ka raba da 2.5. Mai santimita 175 zai samu 70, wato kusan inci 27 da rabi. Baka mai taya dole a daidaita shi da wannan awo, in ba haka ba tsirkiya za ta riƙa dukan hannunka kuma saiti ba zai zauna ba. Ka tabbatar da wannan kafin ka biya kuɗi, musamman in na hannu ne, don wasu tayoyin ba sa canzuwa. Ka kuma sani cewa ƙarfin da aka rubuta a jikin rikaf a inci 28 aka auna shi. In naka jan bai kai nan ba, ƙarfin da kake samu ya gaza abin da aka rubuta.

Kibiya fa? Ba duk ɗaya ba ce?

A nan mutane suke zuba kuɗi a baka su tsuke hannu a kibiya, alhali ita ce kaɗai ke isa wurin dabbar. Abubuwa biyu za ka duba, tauri da nauyi.

Lambobin da ake bugawa a jikinta, 500, 400, 340, 300, awon lanƙwasarta ne. Ƙaramar lamba ita ce mai tauri. Rikaf mai laba 40 yakan so wajen 500, mai taya mai laba 60 yakan so wajen 340, amma tsawon kibiyar da nauyin kanta suna canza lissafin, don haka ka bi jadawalin kamfanin da ya yi ta, kamar Easton. Kibiyar da ta yi wa baka laushi tana fita tana lilo, ta isa a karkace, ƙarfinta ya ƙare a gefe maimakon ya shige ciki.

Nauyi da giren ake auna shi, giren 100 kuwa giram 6 da rabi ne. Ƙa'idar masu baka mai taya ita ce kada kibiya ta gaza giren 5 ga kowace laba, don in ta fi haka sauƙi bakan ne ke shanye ƙarfin, har ya iya tsagewa. Masu rikaf sukan tsaya tsakanin 8 da 10 ga kowace laba. Kamfanoni suna tallata gudu da kibiya marar nauyi, amma a farauta mai nauyi ta fi: ta fi shiga, ta fi rage ƙarar baka, iskar hunturu ba ta kwashe ta da sauƙi. Dakta Ed Ashby, wanda ya fara gwaje-gwajensa a Natal ta Afirka ta Kudu a shekarun 1980, ya nuna cewa don a fasa babban ƙashi ana buƙatar kibiyar da ta kai giren 650, kusan giram 42. Ga ƙananan dabbobi 450 ta isa.

Ta kabon ta fi juriya, amma tana da mugun hali guda: takan tsage ta ciki ba ka gani ba. Duk lokacin da ta bugi dutse ko itace, ka kama bakinta biyu, ka kai ta kusa da kunne, ka ɗan lanƙwasa kana juyawa. In ka ji ƙas-ƙas ko kaɗan, karya ta ka jefar. In ka harba ta a haka tana iya fashewa ta shige maka bayan hannu. Ta alminiyom lanƙwashewa take yi, ido na gani. Kyauro kuwa ka bar wa bakan gargajiya. Kada ka kuskura ka ɗora shi a kan mai taya.

Maƙeri zai iya yi mini kan kibiya?

Zai iya, kuma maƙeran Damagaram ba baya ba ne wajen ƙarfe. Sai dai ka gaya masa abin da kake so, don abin da ya saba ƙerawa siriri ne mai kunnuwa, wanda aka yi don ya maƙale a jiki dafi ya yi aiki. Kibiyar da ba dafi da zubar jini take kashewa, saboda haka tana son faffaɗan baki mai kaifi biyu, faɗinsa ya kai santimita 2 da rabi, ba kunne ko ɗaya. Wuyar aikin ita ce duka su zo nauyi ɗaya kuma su zauna a miƙe. Kai su wurin mai sayar da zinariya ko azurfa a ɗora a ƙaramin sikelinsa. Sannan ka tsayar da kibiyar a kan tsininta ka murza ta. In ta yi rawa, kan bai zauna ba.

Cikin na kanti akwai tsayayye, akwai mai buɗewa idan ya bugi jiki. Mai buɗewa yana cin ƙarfi kafin ya buɗe, kuma rairayi na shiga gaɓoɓinsa. Ka ɗauki tsayayye mai baki biyu, giren 125 ko fiye, wanda za ka iya wasawa da magagari da dutse. Kaifin da ake nema shi ne wanda zai aske gashin hannunka ba tare da ka danna ba. Wanda bai kai haka ba yana ture jijiyar jini gefe ne maimakon ya yanke ta.

Game da dafi, na ƙwanƙwani ko waninsa, amsata a'a ce. Yana kashe mai shi in ya yanke shi, yana kashe yaron da ya taɓa kwari a gida, kuma yana jefa naman cikin shakka.

Me addini ya ce game da abin da kibiya ta kashe?

Ka ambaci sunan Allah a lokacin da kake sakin kibiyar. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, abin da makami ya huda da kaifinsa ana ci, abin da ya buge da gefensa ya mutu ba a ci, haka ma wanda aka tarar ya faɗa ruwa ba a san me ya kashe shi ba. In ka tarar da dabbar da rai, dole ka yanka. Malaman Malikiyya sun tsananta a nan: in ka same ta da rai amma wuƙarka na can ƙasan jaka ko a hannun wani har ta mutu kafin ka zaro, sakacinka ne, ba a ci. Don haka wuƙa a ƙugu take zama. Sun kuma yi magana a kan wadda aka harba da kibiya mai dafi, da wadda ta kwana ba a gan ta ba, da wanda ya yi jinkirin bin sawu. Farauta don wasa kawai makaruhi ce a wurinsu. Ka zauna da malaminka a kan waɗannan kafin ka fita, ba bayan nama ya iso gida ba. Mugun dawa kuwa, wanda ake samu a gandayen farauta na ƙasashen waje, ka san hukuncinsa.

Daga wane nisa zan iya harbi?

Hausawa na cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. A harkar duniya wataƙila, amma a farauta kuskure ya fi shi sau dubu. Dabbar da ka kuskure ta tsira lafiya. Wadda ka sama a cinya ko a tumbi za ta tafi ta yi kwanaki tana ruɓewa da rai, kai ba ka ci ba, ita ba ta huta ba.

Sa faranti mai faɗin tafin hannu biyu a jikin buhun bara. Nisan da kibiyarka ta farko, ba tare da ɗumama hannu ba, take shiga cikinsa kullum, shi ne iyakarka, kuma a daji ka rage. Ga yawancin masu rikaf wannan bai wuce mita 15 zuwa 20 ba, masu taya kuma 30. Akwai dalilin da ya wuce gwaninta. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, kibiyar mai taya wajen 85, ta rikaf wajen 55. Ƙarar tsirkiya tana riga kibiya isa. Barewa in ta ji, sai ta durƙusa don ta zabura, kafin kibiyar ta iso ƙirjinta ya bar inda ka nufa. Da nisa ya ƙaru, lokacin da take da shi ya ƙaru.

Bara ba ta da tsada. Cika buhun hatsi da tsofaffin gidajen sauro da ledoji, ka danna sosai, ka jingina a bangon da ba kowa a bayansa. Ka yi horo da kan farautar ma, don tashinsa ya bambanta da na horo, ka yi a durƙushe, ka yi da jakarka a baya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zafi da rairayinmu ba za su lalata baka ba?

Za su lalata in ka bari. Fukafukan baka da gam aka haɗa su falle-falle, cikin motar da aka rufe a rana kuwa a watan Afrilu yana wuce digiri 60. Nan gam ke saki, fiffike ya murɗe. Kada ka bar shi a mota ko ƙarƙashin rufin kwano, kuma rikaf a kwance masa tsirkiya in an gama. Ka shafa wa tsirkiya kaki, ka murza da yatsa har ya narke ya shige, ka share ragowar tas, don kakin da ya rage a waje rairayi yake kamawa ya riƙa cin zaren. Tayoyi ba sa son mai. Busasshen burushin haƙori ya ishe su. Kada kuma ka bar kowa ya ja bakanka ya saki ba kibiya. Sau ɗaya ya isa ya fasa shi, kuma abin da baƙo ke fara yi ke nan in ka miƙa masa.

A jaka ka riƙe tsirkiya ta biyu wadda ka riga ka harba da ita ta zauna, da gam, da zare, da makullan da suka dace da kusoshin bakanka.

Na'urar auna nisa da madubin hange dole ne?

Madubin hange ya fi muhimmanci, 8x42 ko 10x42, don da shi za ka tantance ko namiji ne ko mace mai ciki, ko ma dabbar da aka hana ce, tun kafin ka fara rarrafe. Na'urar auna nisa tana taimakon mai taya sosai, saboda a fili fetal ido na ruɗin mutum. Mai rikaf da ba ya wuce mita 20 zai iya rayuwa ba ita. Mai taya ya riƙe kunamar sakin tsirkiya, wato ɗan ƙarfen da ake kama tsirkiya da shi a ja a saki, guda biyu iri ɗaya, don in ɗaya ta ɓata farauta ta ƙare. Fatar kare hannu da ta yatsu da kwarin kansa kuwa, dukawan Birni za su ɗinka maka waɗanda suka fi na kanti. Ka dai ce a sa wa gindin kwarin abin da zai riƙe kawunan kada su riƙa gogar juna suna ƙara suna dakushewa.

Wace tufa da wane takalmi?

Ba sai ka sayi kayan sojoji ba, kuma a halin tsaron da ake ciki gara ma ka nisance su. Tufa mai launin ƙasa, ta auduga mai kauri wadda ba ta ƙara in ta gogi ƙaya, ta wadatar. Ka ɗaure bakin hannun riga da jelar rawani, tsirkiya na kama su. Dabba da hanci ta fi gane ka, don haka ƙulla toka a ɗan tsumma, ka riƙa kaɗawa kana duba inda iska ta nufa. A hunturu daga arewa maso gabas take busowa, sai ka tsara tafiyarka tana dukan fuskarka.

Takalmi ya rufe idon sawu, tafinsa ya iya tare ƙayar aduwa da tsidau, kuma ka taka shi makonni a gari kafin daji. Ƙarangiya ita ce babbar fitina. Tana kama safa da bakin wando ta dunƙule, kowane taku tana soka, in ka sa yatsa ka cire sai ƙananan ƙayoyinta su karye a fata su yi ruwa bayan kwana biyu. Sa baduku ya yi maka abin naɗe ƙwauri na fata mai santsi daga takalmi zuwa gwiwa, ka kuma riƙe matsefata a aljihu.

Me zan zuba a jaka in zan kwana biyu ko uku?

Ruwa tukuna. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma mai tafiya a zafi yana iya zubar da gumin lita guda a sa'a. Ko a hunturu kada ka lissafa ƙasa da lita 5 a yini. A bazara kuwa ban ga dalilin shiga dajin nesa da ƙafa ba sam. Tunda ba mai iya ɗaukar ruwan kwana uku a baya tare da sauran kaya, sai ka kafa zango inda jarkoki suke, da jaki ko raƙumi, ka riƙa fita kana dawowa. Ka san rijiyoyin yankin daga bakin makiyaya, ka nemi izini kafin ka ɗiba, ka tafasa ko ka sa maganin tsarkake ruwa. Ka riƙe ƙunshin gishiri da sukari na likita. In babu, cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya.

Guzurinmu ya fi na gwangwani: ƙilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, cuku, garin rogo, gumba. Sai bargo, don daren Janairu a arewa yana da sanyi ƙwarai, da tabarma, tocila ta goshi, ashana, igiya, wuƙa biyu da dutsen wasawa, bandeji, da batirin cajin salula.

Maciji da sha'anin tsaro fa?

Kububuwa ce abin tsoro, ƙarama ce kuma launinta na ƙasa, sai kasa da gamsheƙa. Ka zazzage takalmi kowace safiya saboda kunama. In maciji ya sari mutum, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, baƙin dutse kuma ba ya cire dafi. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti ko da mutumin yana cewa lafiya lau yake, domin dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi kuma alamarsa takan makara.

Kada ka tafi kai kaɗai. Ka gaida mai gari, ka sanar da jandarmomin yankin, takardunka na jikinka, ka ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin. Ka bar wa na gida sunan wurin da ranar dawowa, don salula ba ta kamawa a mafi yawan dajin. Inda hukuma ta ce kada a shiga, magana ta ƙare.

Ina zan nufa a jikin dabba, kuma me zan yi bayan na saki?

Jira ta ba ka gefe. Bi ƙafar gaba da ido zuwa sama, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirji. Huhu da zuciyar dabbobin Afirka sun fi matsowa gaba a kan na barewar Turai da Amurka, don haka wanda ya kwaikwayi bidiyonsu ya nufi bayan kafaɗa sosai yakan samu tumbi. In ta fuskanto ka ko ta ba ka baya, kada ka harba.

Bayan saki, ka riƙe wurin da take tsaye da wurin da ta ɓace maka da ido. Kibiyar za ta ba ka labari: jini ja mai haske da kumfa na huhu ne, mai duhu na hanta, in kuwa da ɗoyi da ɗanyen ciyayi to tumbi ne. Maharban Turai sukan jira rabin sa'a ga harbin huhu, sa'o'i da yawa ga sauran, don kada a tayar da dabbar ta yi nisa. Mu muna da zafi da dila da kura, ga kuma maganar malamai a kan jinkiri. Abin da ke raba wannan gardama shi ne harbi na kusa a huhu biyu, wanda dabbar ke faɗuwa cikin daƙiƙoƙi, sau da yawa kana kallo. Shi ya sa ba na harbin gab da magariba, kuma ba na ba kowa shawarar yi.

Yaya zan kai naman gida bai lalace ba?

Zafin jikin dabbar ne ke fara ɓata shi, don haka ka farke ciki ka fitar da kayan nan take, ka feɗe, ka rataye a inuwa iska ta ratsa. Kafin ka sa hannu cikin ƙirji ka tabbatar kan kibiyar ba ya ciki. Kada ka zuba a leda. Buhun yadi na auduga yana hana ƙuda kuma yana barin nama ya sha iska. In tafiyar ta wuce yini, ka yanyanka shi falle-falle, ka sa gishiri, ka shanya a igiya, iskar hunturu za ta busar da shi da wuri. In ka ga hanta ko huhu da ƙuraje, ko dabbar ta rame ba dalili, ka bar naman, ka wanke hannu da sabulu. Mushen da ka tsinta kuma ko fatarsa kada ka taɓa. Ka rubuta abin da ka kama yadda takardar izininka ta tanada, don za a iya tambayarka a shingen hanya, sannan ka fitar da rabon ɗan jagora da na mai garin da ka sauka kafin ka ɗaure kaya.